Jan Gemun Obadiah Clegg

Duk wanda ya ga giɓin nan da ke bakina sai ya ɗauka wani ɗan gaban abokan hamayya ne ya sa mini gwiwar hannu, tunda na daɗe ina tsaron gida a kulob ɗin ƙwallon garinmu, Birkden. To ba haka ba ne. Namu ne ya fitar mini da haƙorin, mutumin da aka ɗauka takanas don ya tsaya a gabana ya kare ni. Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci, can kuma in bushe da dariya ni kaɗai.

A shekarun da aka fara biyan 'yan ƙwallo albashi a fili, wata cuta ta kama masu masaƙu na yankinmu na Lancashire a Ingila, kowa sai ya samo ɗan wasa daga Scotland. Mista Pilling, mai babbar masaƙar garinmu kuma shugaban kulob, tasa cutar ta fi ta kowa tsanani. A ganinsa duk wanda aka haifa a can Arewa, wato Scotland, da ƙwallo a ƙafa ya faɗo duniya. Mu 'yan gari sai dai a ba mu shayi da ɗan burodi mai nama bayan wasa a ce mun gode. Ɗan Scotland kuwa ga albashi, ga ɗaki, ga aikin ƙarya a masaƙa, irin wanda mutum zai wuni yana yawo da gwangwanin mai yana gaishe da 'yan mata. Abin da ya hana Pilling sakat shi ne manyan garuruwa sun riga sun kwashe na kwashewa, shi ko ɗaya bai samu ba, har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Ana nan wata rana sai wani ƙato ya sauko daga jirgin ƙasa, ƙafafunsa kamar baka, gemunsa ja wur, ya dafa kafaɗar ɗan dako ya tambaye shi gidan mai ƙwallon garin nan. Ya ce sunansa Dougal McAra, mai tsaron baya, daga Scotland. Kafin ya kai ƙofar masaƙa labari ya riga shi, Pilling ya fito ba hula yana tuntuɓe.

Ni aka aika a kira, don ni ne kyaftin. Na tarar an zaunar da baƙon a kujerar Pilling ta kansa, shi kuma Pilling yana tsaye yana murza hannu. Da aka tambaye shi sunan garinsu sai ya ɗaga kai ya yi wani dogon kaki daga can cikin maƙogwaro, ya ce sunan garin ke nan. Pilling ya roƙe shi ya maimaita. Ya sake yin kakin, amma wannan karon bai yi kama da na farko ba. Na ce masa ai na ji sun bambanta. Ko gezau bai yi ba, ya ce na farkon yadda mutanen gabashin garin suke faɗa ne, na biyun kuma na mutanen yamma.

Daga nan ya saki baki. Ya ce ya taɓa dukan ƙwallo daga baya ta tsallake wani tafki ta kashe rago a wancan hayi, mutanen ƙauyen suka yi biki da naman. Ya ce 'yan gaban Glasgow in sun ji da shi za a kara sai su kwanta ciwon ciki. Pilling yana ji yana gyaɗa kai, idonsa har da ƙwalla. Nan take aka ba shi gwangwanin mai, aka kai shi gidan Misis Tattersall, wata gwauruwa mai ba da hayar ɗaki a bayan coci.

Ranar motsa jiki ta farko asirinsa ya tonu a wurina. Wani yaronmu ya sako wata ƙwallo mai ruwa, da ma in ta jiƙe nauyinta kamar kabewa, ta sami Dougal a tsakiyar ciki. Ya durƙushe a gabana ya ce, a hankali, wayyo Inna cikina. Ba wanda ya ji sai ni. Kuma ba da harshen Arewa ya faɗa ba, da harshen Ollerby ya faɗa, garin da ke bayan tudun nan, tafiyar hantsi da ƙafa. Mutanen Ollerby ta hanci suke jan magana, ko a rijiya suke za ka gane su. Matata 'yar can ce, kullum da wannan muryar ake kirana cin abinci.

Da aka tashi na ja shi bayan rumfar sauya kaya.

"Ɗan gidan wa ne kai a Ollerby?"

Ya fara shirin kaki.

"Ka bari kafin ka tofar da huhunka. Ɗan wa ne?"

Ya duba hagu da dama, ya ce shi Obadiah ne, ɗan Tabitha Clegg ta Layin Marina. Gemun ma a marinar masaƙarsu ya samo jan da ya shafa masa. Uwarsa kuwa ya ce mata ya tafi Liverpool ya shiga aikin jirgin ruwa. Ya ce tun bai kai ya leƙa saman injin saƙa ba yake tsaye a gabansa, ubansa a nan ya kurumce, a nan ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji, shi kam ya rantse ba zai sake tsayawa gaban injin ba ko za a yanka shi. Da yake wannan maganar tausayinsa ya kama ni, ban ɓoye ba. Amma bai bar tausayin ya daɗe ba.

"Ezra, ka dube ni da kyau. Me ɗan Scotland ya fi ni da shi? Gemu ne kawai, ga shi kuwa na yi. Ka ba ni shekara guda, har Landan za a san da ni."

"Ka taɓa buga wa wani kulob?"

"Na sha kallo."

Na yi shiru da bakina, ba don komai ba sai don in ga iyakar wautar Pilling. Ashe ba ta da iyaka.

Wahalar Obadiah ta farko daga Misis Tattersall ta fito. Matar nan mai kirki ce har ta wuce misali. Ta ji an ce 'yan Scotland ba abin da suke so kamar kunun hatsinsu mai kauri, wanda suke barbaɗa wa gishiri maimakon sukari, sai ta ƙudurta baƙonta ba zai yi kewar gida ba. Safe kunu, rana kunu, yamma kunu, gishirin kuwa da cokalin miya take zubawa. Sauran 'yan haya suna gefe suna narkar dankali da naman tunkiya, ƙamshi ya cika ɗaki, shi yana tura kunu yana hawaye. Ita kuma ta riƙa gaya wa maƙwabta yaron nan duk ya ci abincin garinsu sai ya yi kuka, sai ta ƙara masa. Da ya gwada cewa a garinsu akan ɗan taɓa nama jefi-jefi, ta ce kada ya ji kunyarta, ta san don ya faranta mata rai yake faɗa. Ni yake tarewa a lungu ya cinye mini guzurin rana, yana ci yana gaya mini yadda zai gyara mini tsaron gidana.

A fili kuwa abin ba a cewa komai. Wasanmu na farko ɗan gaba ya taho da ƙwallo, Obadiah ya ja da baya ya yi wani uban kurari, ya ɗaga ƙafa ya kai duka, ƙwallo ta bi ta tsakanin bakan ƙafafunsa ta wuce, shi kuma ya zauna daɓas a taɓo. Allah ya taimake ni na kama ta. Na ɗaga kai ina jiran Pilling ya fashe, sai na ji shi yana gaya wa 'yan kwamitin kulob cewa sun ga dabara? Ya bar wa mai tsaron gida ita ne da gangan, haka ake yi a Arewa, ilmi ne. Da ya doka ƙwallo ta haura katanga ta faɗa lambun kabejin mai wa'azi, Pilling ya ce hutar da 'yan wasanmu yake yi. Da ya rungume ɗan wasanmu ya kayar da shi maimakon na abokan hamayya, Pilling ya ce wannan ta yi zurfi, shi ma bai gama gane ta ba.

Shi kuwa gogan da ya ji haka sai kansa ya kumbura. Ya fara koyar da mu. Ya tara 'yan bayanmu yana nuna musu abin da ya kira tsarin Glasgow, wato kowa ya bar ƙwallo ya bi mutum, in ka rasa mutum ka bi wanda ke kusa da kai. Yara a layi suka koma kai wa iska duka suna zama a ƙasa. Wanzamin garinmu ya ce samari uku sun zo tambayarsa ko akwai abin da ke sa gemu ja. A mashaya Obadiah ke da kujerar kusa da murhu, ragon nan da ya kashe a hayin tafki ya zama bijimi, daga baya ma ya zama bijimai biyu.

A cikin tsarin Glasgow ɗin nan ne na rasa haƙorina. An bugo kusurwa, na yi tsalle na riga na cafke ƙwallo a hannuna, sai ga Obadiah ya taho a guje ido rufe ya sa mini kai a baki. Ina kwance ina tofar da jini ya sunkuyo ya ce laifina ne, a Arewa mai tsaron gida yakan kauce wa ɗan baya. Na ce masa a Ollerby fa? Ya yi sauri ya ɗaga ni yana kakkaɓe mini riga.

Ranar da na ce tasa ta ƙare ita ce ranar da Pilling ya kawo masa ɗan'uwa. Akwai wani tsoho mai tallar yadi gida-gida, Mista Geddes, ɗan Scotland na gaske, yakan ratso garinmu lokaci-lokaci. Pilling ya kama shi a hanya ya ce lallai ya zo ya gaisa da ɗan ƙasarsu, ya gayyato 'yan kwamiti su sha kallon yadda 'yan Arewa ke hira. Labari ya kai wa Obadiah ana saura ƙiris su iso. Da suka shigo falon Misis Tattersall suka same shi ya naɗe haɓa da tawul har saman kai, ya cusa wani abu a kunci, wai haƙori ne ya tasar masa. Geddes ya zauna ya yi ta zuba masa zance, yana tambayarsa dangi da gari da cocin da yake zuwa. Obadiah ba ya cewa komai sai gurnani da nishi, in tambaya ta yi tsanani ya haɗa da kaki. Tsohon ya saurara, ya karkata kai, ya sake saurara. Can ya juya ya gaya wa Pilling cewa wannan ba ɗan birni ba ne, daga tsibiran can ƙurya ya fito, masu wani yare nasu daban, shi kansa kalma ɗaya ko biyu kawai ya tsinta. Pilling ya kusa rawa don murna, ya ce ashe nasa ya fi na kowa zama ɗan Arewa. Geddes ya sayar wa Misis Tattersall yadin labule ya kama hanyarsa.

Tun daga ranar Obadiah ya daina jin tsoron kowa. Ya ce da ni ko ɗan Scotland na gaske ya shaida shi, saura wa?

Sai aka fitar da jadawalin gasar kofi, aka haɗa mu da Ollerby, a filinmu.

Na same shi a masaƙa yana yawo da gwangwaninsa na gaya masa. Ya ɗan yi fari, ya ajiye gwangwanin. Na ba shi shawara ya sake ɗaure haɓar nan ya kwanta har a gama. Ya ce Allah ya kiyaye, a ce Dougal McAra ya guje wa masaƙan Ollerby? Ai shi ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san mai tsoro, ya san mai ciwon gwiwa, ranar ce ma za a ga aiki. Dabararsa ita ce ya ƙara ja. Ya samo wani jan rini mai ƙarfi ya shafe gemu, ya shafe gashin kai, har gira bai bari ba. Ya ce ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba, balle ma ita ba ta zuwa kallon ƙwallo, ta ce wasan marasa aikin yi ne.

Pilling ma da tasa dabarar. Yana so ya ƙuntata wa Mista Holgate, shugaban kulob ɗin Ollerby, wanda bai da ɗan Scotland ko na magani. Ya aika Manchester aka kawo siket ɗin nan mai gidan dara da mazan Arewa ke ɗaurawa, ya yi hayar wani mai busa algaitarsu mai salka, ya ce Dougal ne zai shigo fili a gaba cikin kayan garinsu. Obadiah ya ɗaura siket, aka zagaya da shi ana busa, yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya koma rumfa zai sa wandonsa sai aka ce Misis Tattersall ta ga ya yi datti ta tafi da shi wanki. Alƙalin wasa ya riga ya hura usur. Haka ya shigo, gwiwoyi a waje, iskar tudu tana kaɗawa.

Ollerby kaf ta tsallako tudu ranar. An tashi daga aiki da rana, maza da mata suka taho da takalmansu na katako, suka cika gefen fili na wajen lambun mai wa'azi. Namu suka cika ɗaya gefen. Ihu kuwa ko na kusa da kai ba ka ji.

Rabin farko Obadiah da hannu ɗaya ya yi wasa, ɗayan yana riƙe da siket. Duk da haka ba a ci mu ba, don ni na san abin da na sha a tsakanin turakun nan. Ana dawowa hutu sai ruwa ya sauko. Rinin da ya ƙara bai gama kamawa ba, ya fara zubowa daga kansa, ya bi fuska, ya bi wuya, ya jiƙa farar rigarmu ta koma ja har ciki. Mutanenmu suka ɗauka kansa ne ya fashe ya ƙi fita, suka ɗauki tafi suna kiran sunan Dougal. Wata mata ta suma. Pilling ya miƙe tsaye a rumfar manya yana nuna wa Holgate, yana cewa ka ga maza, jininsa yake zubarwa saboda Birkden. Gogan naka da ya ji tafi sai ya saki siket ya fara tafiya da ƙirji, yana share jan da bayan hannu don a gani da kyau. Ruwa kuwa yana ta aikinsa, gemu ya tashi daga ja ya koma ruwan hoda, daga nan ya fara komawa kalar da Allah ya ba shi.

Ni na fara hango ta. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce a sahun gaba na mutanen Ollerby, ta yafa baƙin mayafi, da lema a hannu ba ta ma buɗe ba. Maƙwabta ne suka ja ta zuwa, daga baya na ji. Ba fuskarsa take kallo ba, ƙafafunsa take kallo, waɗannan bakan da siket ya bari a fili. Ta bi su da ido daga ƙasa har sama. Sai da ƙwallo ta fita, Obadiah ya juya wajensu yana taƙama, idonsu ya haɗu.

To, wanda ya taso a masaƙa ya san ba a jin magana a ciki saboda ƙarar injina, da leɓe ake hira, ba sauti, daga wannan bango zuwa wancan. Matanmu har a coci da shi suke gulmar hular juna. Tabitha Clegg ba ta ɗaga murya ba. Baki kawai ta buɗe, a hankali, yadda ake yi wa na can ƙarshen ɗaki.

"Obadiah Clegg. Wannan ne jirgin ruwan?"

Da ɗan Scotland ne, da tsohuwa kawai ya gani tana motsa baki. Da ma mai hankali ne, da ya kau da kai. Amma mutumin da uwarsa ta yi shekaru tana yi masa magana ta saman injina, bakinsa ba ya jiran izininsa. Ya tsaya a tsakiyar fili, ya buɗe leɓe fes-fes, irin na gwanaye.

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri. Yau ni ɗan Scotland ne."

"Siket ɗin wace ce ka ɗaura?"

"Na Pilling ne. Tsohon bai san komai ba, duk shirmen da na yi sai ya ce ilmi ne. Ki bari a tashi zan zo in yi miki bayani."

Shi a tunaninsa asiri yake yi, tunda ba sauti. Ya manta duk wanda ke filin nan, in ba masaƙi ba ne to masaƙiya ce ta haife shi. Na ji ihun ya fara mutuwa daga gefen Ollerby, waɗanda suka ga bakinsa. Su kuma suka juya wa namu na wancan gefe da leɓe, magana ta tsallake fili ba wanda ya ce uffan. Ban taɓa jin filin ƙwallo ya yi tsit haka ba, har ana jin ruwa yana sauka a kan lemomi. Sannan dariya ta fashe gaba ɗaya, tasu da tamu. 'Yan wasan Ollerby suka zube a taɓo suna riƙe ciki, ɗayansu yana cewa wallahi Obadiah ne, shi da ko a wasan layi ba a zaɓarsa sai in mutum bai cika ba.

Pilling ma ɗan masaƙiya ne kafin ya yi arziki, kuma rumfar manya tana kallon bakin Obadiah sosai. Hannunsa yana nan a miƙe yana nuni, ya kasa saukewa. Waɗanda ke kusa sun ce Holgate ya cire lofe daga baki ya tambaye shi cikin ladabi.

"Mista Pilling, wane yanki na Scotland ka ce? Don mu a wajenmu Layin Marina muke kiran wurin."

Alƙali bai tsayar da wasa ba, shi daga wani gari aka kawo shi, bai san abin da ake yi wa dariya ba. Aka jefo ƙwallo ta gangaro ta tsaya daidai ƙafar Obadiah. Ya ga dama ta ƙarshe ta zo ya nuna musu ko shi wane ne. Ya ja baya, ya cije, ya sake ta da duk ƙarfin da kunun Misis Tattersall ya tara masa. In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin duka mai kyau irin wannan ba, a ranar na yarda zai iya kashe rago. Sai dai tun da ya juya wajen uwarsa bai sake duba inda ya fuskanta ba. Iskarta kawai na ji ta wuce kunnena ta shige gidanmu. Da wannan ƙwallo ɗaya Ollerby ta fitar da mu daga gasar.

Ana hura tashi Pilling ya sauko fili da kansa, taɓo har idon sawu, ya ce a kwance masa siket ɗinsa yanzu-yanzu. Sai da 'yan kwamiti suka tuna masa ba wando. Ya juyo kaina yana huci, yana tambaya tun yaushe mutumin nan ya lalace haka, da can ai ya iya. Na ce masa yallaɓai, yau ce ma ranar da ya fi kyau, ya ci ƙwallo.

Tabitha kuwa ta ratso fili da lemarta, mutane suna buɗa mata hanya. Na ɗauka dukansa za ta yi, shi ma haka ya ɗauka, don ya kare kai. Sai ta kama bakin mayafinta ta miƙa hannu sama tana goge masa jan da ke fuska. Ta ce duk ranar da aka yi iska ba ta iya cin abinci, tana can tana roƙon Allah kada teku ta cinye mata ɗa, ashe yana nan bayan tudu yana yawo ba wando. Obadiah ya sunkuyar mata da kai, ta ci gaba da gogewa. Da ta gama gogewa ta kama gemun ta ja shi. Samarin Ollerby suka ce ba za a yi haka ba, gwarzon da ya ci musu wasa ba zai taka ƙasa ba, suka ɗaga shi a kafaɗa suka nufi tudu da shi suna waƙa, shi yana ta fama da siket, tsohuwa tana biye da lema.

Bayan kwana biyu Misis Tattersall ta roƙe ni in kai masa akwatinsa da wandon, ta wanke ta goge. Na tsallaka Ollerby, aka nuna mini masaƙar. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙara ta cika mini kunne, ƙurar auduga tana yawo a hasken taga. Can na hango shi a tsakanin injina, an aske gemun tas, uwarsa tana layin da ke kusa da shi. Na tuna rantsuwar da ya yi mini a bayan rumfa, sai na ji ba daɗi, na tsaya ina tunanin abin da zan ce masa.

Ashe ban da buƙata. Bakinsa yana ta aiki, yana ba 'yan matan can ƙarshen ɗaki labari. Wai da gangan ya shiga Birkden, tun farko shirinsa ke nan, ya yi watanni yana cin kunun gishiri don kawai ya kawo wa garinsu kofi. Wai manyan kulob biyu sun aiko, yana nan yana dubawa. Ya hango ni ya ɗaga hannu, ya ce ga ma kyaftin ɗinsu nan an turo ya ba shi haƙuri.

Tabitha ba ta ko ɗago daga aikinta sosai ba. Ta ɗan juyo da fuska yadda kowa zai gani.

"Obadiah, zarenka ya tsinke."

Ya duba, ya tsayar da injin, ya sunkuya yana ƙullawa.